Wa Ya Auna? Yadda Wata Ɗaliba a Legas Ta Bi Sawun Kashi 45 Cikin 100

Sau biyu aka dawo mata da babi na biyu na kundinta. A karo na biyun malamin da ke duba aikin bai yi dogon rubutu ba. Jan biro ya sa ya zagaye jumla ɗaya a shafin farko, wadda ke cewa kashi 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya lalacewa yake yi kafin ya kai tukunya. A gefe ya rubuta gajeriyar tambaya da Turanci, ma'anarta ita ce: wa ya auna, a ina, kuma yaushe? Ita kuwa ta jera sunayen marubuta har biyar a bayan jumlar, a ganinta hujja ta wadatar. Da wannan takarda a hannu ta same ni a ofis wata ranar Talata, idonta ya yi ja.

Ni ma'aikacin laburare ne a wata jami'a a nan Legas, a sashen da ke kula da kwamfutoci da rumbunan bincike na intanet. Ɗalibar tana digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Mahaifinta dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12, mutumin ƙasar Kura ne ta jihar Kano, ya shekara fiye da talatin a Legas, kuma mun san juna tun zaman da na yi a Ketu. Shi ya sa a wajen aiki ma Kawu take ce mini. Abin da take bincike a kai shi ne asarar da ake yi a tumatir daga gonakin rani na Kadawa da kasuwar Kwanar Gafan har zuwa Mile 12, tafiyar kimanin kilomita 1,000 da ke ratsa Zariya da Kaduna, ta Jebba da Ilori da Badun. Ba baƙuwar harkar ba ce, a cikinta aka haife ta. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda ake bin sawun magana a cikin rubuce-rubucen masana.

Na ce ta nuna mini inda ta samo maƙalunta. Ta buɗe wayarta. Wasu ta same su da binciken Google, wasu 'yan ajinsu ne suka turo a zauren WhatsApp, wasu kuma ba ta ma tuna inda suka fito ba. Sun kai talatin. Ba ta taɓa shiga ko ɗaya daga cikin rumbunan da jami'a ke biya wa kuɗi ba, alhali kuɗin laburare yana cikin abin da mahaifinta ke biya kowace shekara. Ba ita kaɗai ba ce. Da yawa har su gama ba su zo sun karɓi sunan shiga da kalmar sirri ba.

Abin da na fara bayyana mata

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a karɓar hadisi da matani kaɗai, sai an ji isnadi: wane ya karɓo daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga wanda ya ji da kunnensa. Idan mutum biyar suka ruwaito magana amma duk daga bakin mutum ɗaya suka ji, ai ruwaya ɗaya ce. Da na faɗi haka sai ta gyara zama, don ta yi Islamiyya sosai. Manazartar da ke ƙarshen kowace maƙala ita ce isnadinta, tana nuna daga wa marubucin ya karɓo. Rumbun madogara, irin su Scopus da Web of Science, ya tattara waɗannan manazartai na miliyoyin maƙalu ya ɗaure su da juna, ta yadda za ka iya bin magana baya zuwa tushenta, ka kuma bi ta gaba ka ga su wa suka karɓa daga baya, wa ya yarda, wa ya yi gyara, wa ya ƙaryata.

Tunanin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shi a mujallar Science a 1955, kuma wajen lauyoyi ya gano dabarar, don tun 1873 suke da kundin Shepard da ke nuna wace shari'a ce ta kafa hujja da wace. A 1964 cibiyarsa da ke Filadelfiya ta fitar da kundin farko na kimiyya a manyan littattafai, wanda ya koma intanet a 1997 da sunan Web of Science, yanzu yana hannun kamfanin Clarivate. Elsevier ya fito da Scopus a 2004, shekarar da Google Scholar ma ya bayyana. Na ukun kyauta ne, amma duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi kwasowa yake yi, ba tankaɗe ba rairaya. Biyun farko suna da kwamitin da ke tace mujallu kafin a shigar da su, kuma kuɗinsu da dala ake biya. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk mai aikin laburare a ƙasar nan ya san yadda lissafin biyan nan ya koma. Babu laburaren da ke iya riƙe komai, don haka tambaya ta farko da ɗalibi zai yi ita ce: bana me muke da shi?

Matsala biyu ƙanana muka warware a zaman farko. Ta ce ta taɓa buɗe Scopus a gida bai ba ta komai ba. Dalili shi ne rumbun yana gane mutum ne ta intanet ɗin jami'a. A wajen makaranta sai ka bi ta ƙofar laburare da sunanka da kalmar sirri. Ga mai zuwa daga Ketu, wadda cunkoson titin Ikorodu ke iya cinye mata awa biyu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ta biyun kuma, ta zaci da ta danna za ta ga maƙala gaba ɗaya. A'a. Take da tsakure da manazarta rumbun ke bayarwa, cikakken rubutun yana wurin mawallafi. Wani a buɗe yake, wani sai ta AGORA, shirin da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙaddamar a 2003 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su sami mujallun noma, wani kuma sai ka rubuta wa marubucin imel. Galibi suna turowa, don mai rubutu yana son a karanta shi.

Kalmomin nema

A nan ta ɗan sha wahala, laifin kuma ba nata ba ne. Ta rubuta taken kundinta gaba ɗaya a akwatin nema, kamar yadda ake yi wa Google, sai abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Rumbun ba ya fahimtar jumla, kalma yake nema a take da tsakure. Muka kasa batun gida uku: amfanin gonar, asarar, da wurin. Kowane gida muka tara masa duk sunayen da masana ke kiransa da su, muka haɗa su da OR, wato ‘ko’, don ko wanne suna aka samu ya isa, sannan muka ɗaure gidajen uku da AND, wato ‘da’, don sai an samu duka ukun. Kalmar postharvest kaɗai, wato bayan girbi, ana rubuta ta a haɗe, ana rubuta ta da karan ɗori, ana kuma raba ta biyu. Sunan tumatir na kimiyya ma biyu ne: tsofaffin maƙalu Lycopersicon esculentum suke cewa, na baya-bayan nan Solanum lycopersicum. Wanda ya nemi na biyu kaɗai zai iya tsallake aikin da aka yi a Samaru da Badun shekaru aru-aru. Na sa ta rubuta kowace haɗar kalmomi a littafi tare da ranar da ta yi neman da adadin da ya fito, don ranar kare kundi za a iya tambaya.

Bin sawu baya

Wannan shi ne zuciyar aikin, kwana uku muka yi a kansa. Muka ɗauki maƙalu biyar ɗin da ta jera bayan jumlar, muka buɗe kowace, muka nemo inda lambar take, muka duba wa aka ambata a wurin.

Ta farko ba ta auna komai ba. A gabatarwa ta kawo lambar, ta jingina ta ga ta uku. Ta ukun ma ba ta auna ba, tambayoyi aka yi wa 'yan kasuwa a wani gari, kuma lambar a gabatarwarta take, ba a sakamakonta ba. Wannan bambanci na sa ta ja masa layi: abin da marubuci ya faɗa a gabatarwa yawanci aro ne, nasa na kansa yana cikin sakamako. Ta biyu ta jingina maganar ga wani labarin jarida, jaridar kuma ta ce wani jami'i ne ya faɗa a wurin taro, daga nan sawu ya ɓace. Ta huɗu da wadda ta ukun ta dogara da ita duk suka kai mu wuri ɗaya, wato rahoton da FAO ta fitar a 2011 kan asarar abinci a duniya.

Rahoton ba maƙalar mujalla ba ne, don haka a rumbun sunansa kawai ake gani cikin manazartar wasu. Daga shafin FAO muka sauko da shi kyauta, na ce ta karanta da kanta, kada ta tsaya a tsakure. Wata cibiyar binciken abinci ta ƙasar Suwidin ce ta yi wa FAO aikin. Shi ne ya kawo kiyasin da ya zagaye duniya, cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa don mutane, tan biliyan 1.3 a shekara, ba ya shiga ciki. Amma 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a rukuni ɗaya aka zuba su, ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuma yanki ɗaya aka ɗauke su. Marubutan da kansu sun faɗa cewa inda ba su sami alƙaluma ba ƙiyasi suka yi, kuma a yi hattara da sakamakon. Kashi 45 ɗin kuwa, a bayanan wayar da kai da FAO ta riƙa fitarwa bayan rahoton, ya fito ne a matsayin asarar kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta duniya baki ɗaya. A tarin takardun da ke hannunta, a hanya ne lambar ta sauya riga: daga kayan lambun duniya ta koma tumatirin Najeriya, hattarar da masu rahoton suka yi kuma ta zube a hanya kamar yadda ruwan tumatir ke zuba a ƙasan mota.

Saura ta biyar. Ita ce ta fi ba ni haushi. Sunayen marubutan na gaske ne, mujallar ma akwai ta, amma maƙalar babu ita a Scopus, babu a Google Scholar, lambar DOI ɗinta kuma, wato lambar shaida da ake ba maƙala a intanet, da muka saka a shafin doi.org ba ta buɗe komai ba. Muka shiga shafin mujallar, muka buɗe fitowar da aka ce tana ciki, wata maƙala daban ce a shafukan. Da na matsa mata, ta ce wata ƙawarta ce ta samo mata daga ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su. Ta sunkuyar da kai. Na ce gara a ofishina da a gaban mai jarrabawa na waje.

Ban ce mata lambar ƙarya ce ba, kuma har yau ban ce ba. Mai yiwuwa a wata mota, a wani wata, asarar ta kai haka ko ta wuce. Abin da muka tabbatar kawai shi ne cikin mutum biyar da ta kira shaida, babu wanda ya ga abin da idonsa.

Abin da Alhaji ya ce

Ranar Juma'ar makon na biya ta rumfarsu bayan masallaci. Ita ta riga ni ba shi labari. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, ashe abin da kuke koya musu ke nan?” Ya juya wurinta yana dariya: “Ke yanzu in rabin kaya muke zubarwa, da me na biya miki makaranta?”

Ta ce, “Baba, ai masana ne suka rubuta.”

Ya ce su zo ya nuna musu. Kwandon da ya kwana biyu ko uku a mota, na ƙasa ya sha nauyi, in an sauke ana tsince shi. Mai kyau kuɗinsa daban. Wanda ya fashe, wanda Yarabawa ke kira esha, masu sayar da abinci suna nan suna jiransa da robobinsu, a rahusa suke ɗauka amma dai ba bola ya tafi ba. Wanda ake zubarwa ɗungurungum sai in mota ta lalace a hanya ko an tsare ta. A can gida kuma in kaya ya yi yawa farashi ya faɗi, a yanka a shanya a yi kauɗa. Shekarar da ya ce ya ga asara ta gaske ita ce 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wannan kuwa a gona aka yi ta, kaya bai ma hau mota ba.

A mota ina komawa na yi ta juya maganar. Ba tare da ya san sunan abin ba, Alhaji ya raba asarar nauyi da asarar daraja, ya kuma raba asarar gona da ta hanya. Rabe-raben nan su ne babu a babin 'yarsa.

Bin sawu gaba

Ranar Litinin muka juya akalar. Maimakon su wa rahoton 2011 ya dogara da su, sai muka tambayi rumbun su wa suka dogara da shi. Dubbai ne. Muka tace su da kalmomin tumatir da Afirka, suka ragu zuwa abin da mutum zai iya karanta tsakurensa a kwana biyu. A nan ta ci karo da masu sukar yadda ake ƙididdige asara, da waɗanda suka ɗauki sikeli suka bi kaya daga gona zuwa kasuwa a wasu ƙasashe, da masu kwatanta kwandon gargajiya da akwatin roba. Ta nan ne kuma ta gano cewa FAO ɗin kanta a 2019 ta fito da sabon ma'auni, ta raba abin da ke lalacewa kafin ya kai ga mai sayarwa da abin da ake zubarwa a shago da gida, ta ce na farkon kusan kashi 14 cikin 100 ne a duniya. Shekara takwas tsakanin rahotannin biyu, amma babu ko ɗaya cikin takardun wayarta da ya san da na biyun.

Akwai tarko a wannan mataki, kuma ta kusa faɗawa. Rumbun yana ba ka damar jera sakamako daga wanda aka fi ambata zuwa ƙasa, sai ta so ta ɗauki ashirin na sama ta bar saura. Na hana. Yawan ambato tsufa yake bi, maƙalar bara ko ta fi kowa kyau ba ta samu lokacin tara shi ba. Maƙalun bita, wato masu tattara abin da wasu suka riga suka rubuta, sun fi tara ambato a kan waɗanda suka je fili, don sun fi sauƙin jinginawa. Wani ma ana ambatarsa ne don a ce ya yi kuskure. Ita kanta lambar da ta jefa ta cikin wannan wahala ai yawan ambato ne ya ba ta kwarjini.

Ga kuma abin da nake yawan gaya wa malamai su ma, ba ɗalibai kaɗai ba, ko da yake ba kowa ke son ji ba yanzu da ƙarin girma ya rataya a kan Scopus. Mujallun Najeriya kaɗan ne a cikin manyan rumbunan nan. Wanda ya auna tumatir a Kano ko Ilori sau da yawa a mujallar tsangayarsu ya buga, ko a rahoton wata cibiya, ko aikin yana kwance a kundin digiri. Don haka na tura ta AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, da rumbunan kundaye na jami'o'in Arewa, na kuma ba ta wasiƙa ta kai wa cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedikwata a Ilori, wadda ke da ofis a nan Legas. Aikin da ya fi kusa da tambayarta a wani kundin digiri ta same shi, wanda rumbun bai san da zamansa ba, kuma ko mutum ɗaya bai taɓa ambatarsa ba. Inda babu mai tace maka, kai ne mai tacewa: ta duba mutum nawa aka tambaya, an auna ne ko an ce dillali ya ƙiyasta, a wane wata aka yi. Mujallu biyu daga tsohon tarinta muka ajiye gefe, don ɗaya tana cikin jerin waɗanda Scopus ya daina ɗauka, jerin da kowa zai iya dubawa kyauta, ɗayar kuma shafinta alkawarin bugawa cikin mako guda yake yi in ka biya.

Sauran aikin na hannu ne. Ta sauke Zotero, manhajar adana manazarta wadda kyauta ce, ta kwashe duk abin da ta zaɓa ta zuba a ciki, ta daina buga manazarta da hannu. Ta kuma saita rumbun ya riƙa aiko mata imel duk lokacin da sabuwar maƙala ta dace da kalmominta.

Inda aka tsaya

Mako biyar bayan zuwanta na farko ta miƙa babin a karo na uku. Jumlar da aka zagaye ta zama shafi biyu da rabi. Ta faɗi inda lambar ta fito da abin da take nufi a can, ta jera waɗanda suka auna da hannunsu daban da waɗanda suka tambayi 'yan kasuwa, ta nuna ba abu ɗaya suke kira asara ba. Daga cikin talatin ɗin farko, goma sha ɗaya ne suka tsira. Malamin ya karɓa, amma ya ɗora mata wani nauyin: tunda ta nuna tambaya kaɗai ba ta isa ba, to babi na uku ma sai ya sauya, ta bar dogaro da takardar tambayoyi, ta auna. Hakan ya ƙara mata zango guda, kuɗin makaranta kuma Alhaji ne zai sake biya. Da na je ba shi haƙuri cewa ya yi in dai za a rubuta gaskiyar kasuwa ya yafe, amma kada yaransa su ji an ce za a tsayar musu da sauke kaya.

Sun daidaita a kan kwando uku daga kowace mota, ɗaya daga sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa, a kasa kowanne gida uku: mai kyau, fasasshe, da na zubarwa, a rubuta nauyi da farashin kowanne. Wani ɗan ƙanensa a Kwanar Gafan zai auna kwandunan kafin lodi ya ɗaura musu ƙyalle. Sikelin rataye ta saya a Oyingbo, yana rumfar Alhaji a cikin akwatin kuɗi, ana jiran tumatirin rani ya fara sauka a watan Janairu.